Ɗan'inna Tela da Shaddar Davou

Sunansa na yanka Ahmadu, amma ko a katin asibiti Ɗan'inna aka rubuta. An haife shi a wani ƙauye kusa da Kafin Hausa, inda ruwan damina ke kwanciya a kududdufai har bayan kaka. Tun yana yaro yake fitsarin jini, kamar duk yaran da ke wanka a kududdufin bayan gari. Ba wanda ya ɗauki abin ciwo. Manya ma cewa suke yi alama ce ta yaro ya kusa zama namiji. Da ya girma abin ya lafa, shi ma ya manta da shi.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonaki biyu, shi da yayansa Maharazu, da kuma tsohuwarsu Iya. Maharazu manomi ne tun daga jini. Ɗan'inna kuwa hannunsa bai taɓa shiri da fartanya ba, don haka ya bar wa yayansa gonar yana nomawa, ya tafi Kano ya koyi ɗinki a Fagge. Yana can aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka ce Dutse ce hedkwata. Ma'aikata suka riƙa kwararowa daga Kano da katifu a saman mota, kowa yana neman ɗakin haya da mai wanki da tela. Ɗan'inna ya ɗaure kekensa da igiya, ya biyo su.

Ya kama wani ɗan shago a bakin hanyar sakatariya, ya sa benci a ƙofa. Kafin a zagayo shekara an san shi. Ya iya yanka wuyan kaftani ya zauna daram, amma ba wannan ne ya fi jawo masa mutane ba. An san teloli da "dawo gobe", shi kuwa in ya ce Laraba, Larabar ce. In ƙyalle ya ragu, ko na aljihu ne, sai ya naɗe ya sa wa mai shi a cikin kayan. Ga tsabta. Kullum cikin farin yadi yake, da ɗan turarensa a aljihun gaba. Ba ya cin bashi, ba ya son a yi masa alfarma. In ana hira a benci aka zo kan arziki, abin da yake cewa bai wuce, "Ni dai Allah Ya bar ni da rufin asiri."

Ya auri Safina, 'yar wani malamin allo daga Buji, suka haifi 'ya'ya uku. Ya ƙara keken surfani a shagon, ya sayi fuloti a bayan gari, har ya buga bulo ya jera.

Cikin masu zama a bencin akwai Davou, direba a wata ma'aikata, mutumin Filato ne, Kirista. Mutanen Dutse da sunan ya yi wa bakinsu nauyi suka mayar da shi Dabo, shi kuma yana amsawa. Da farko wandon kakinsa ya kawo a rage masa, daga nan suka saba. Duk sanda ya je gida sai ya sauke wa Ɗan'inna dankalin Turawa a ƙofar shago, shi kuma in Kirsimeti ta zo sai ya ɗinka wa 'ya'yan Davou kaya ya ƙi karɓar kuɗin zare.

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ne jinin ya dawo. Wannan karon da guda-guda yake zuwa, da wani zafi a mara wanda yakan sa shi ya ɗage ƙafa daga keke ya dafe tebur. Bai gaya wa kowa ba. Ya sha na kemis, ya sha saƙe-saƙi, surukinsa ya aiko da rubutu a galan. Sai da fitsarin ya tsaya cak wata rana da hantsi aka kwashe shi zuwa asibiti, aka sa masa roba, aka ce ya wuce Kano.

A Kano, bayan hotuna da gwaje-gwaje, likita ya zaunar da shi da Safina ya ce daji ne a mafitsara. Ya ce tsohuwar tsargiyar yarinta ce ta bar masa miki shekara da shekaru. Za a yi aiki, sannan a bi da allurai, daga baya kuma wataƙila sai an je Zariya an gasa dajin da na'ura. Safina ta fara kuka a hankali. Ɗan'inna ya gyara zaman hularsa ya ce, "Likita, duka-duka nawa abin zai ci?"

Likitan ya ce, "Malam, a fara dai tukuna."

Ba a daɗe ba ya gane abin da likitan yake nufi. Ciwon nan ba ya faɗin farashinsa gaba ɗaya, tsinta-tsinta yake ci. Yau a ce auduga da safar hannu, gobe ledar ruwa, jibi jini. Ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya da ke kwana a barandar asibiti. Fulotin ne ya fara tafiya, da bulonsa duka. Keken surfani ya bi. Aka yi aikin, ya dawo Dutse da robar fitsari a ƙarƙashin riga, yana tafiya a karkace don kada a ga tudun ledar. Turaren da yake shafawa don ado ya koma shafa shi don ɓoye wari.

Sai allurai. Kuɗin guda ɗaya ya fi abin da yake samu a ɗinkin Sallah, kuma kafin ya gama farfaɗowa daga ɗaya lokacin wata ya yi. Wata rana ya dawo daga shago ya shiga ɗakin Safina, ya tarar da bango fayau. Kwanukan jerenta da aka kawo ta da su daga Buji babu ko ɗaya, sai zanen da'irarsu a jikin farar ƙasa.

Ya ce, "Ina kayan nan?"

Ta ce, "Dama ƙura kawai suke tarawa, Malam."

"Wa ya saya?"

"Dillaliya ce ta zo."

Dillaliya kuwa gida-gida take shiga. Ya san kafin magariba duk matan unguwa sun ga kwanukan matar tela, sun juya su, sun taya. Ya fita zaure ya zauna, abincin da aka kawo masa ya huce a gabansa.

Daga nan sai gonarsa ta gado. Maharazu ne ya sayar ya kawo kuɗin a ƙulle cikin hankici. Wanda ya saya, ɗan mutumin da ya taɓa yi wa mahaifinsu ƙodago ne. Maharazu ya dai faɗi sunan mai sayen, ya kawar da kai.

Abin da ya fi taɓa shi a lokacin a masallacin unguwa ya faru. Saboda robar, a sahun baya yake tsayawa, can gefen ƙofa. Wata rana bayan an sallame la'asar liman ya ce jama'a su ɗan dakata. Da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce ɗan'uwanmu Malam Ɗan'inna tela Allah Ya jarrabe shi da ciwo mai cin kuɗi, ya sayar da abin da ya mallaka, wanda Allah Ya hore wa ya taimaka. Aka cire hula aka zagaya da ita. Ɗan'inna yana zaune yana kallon zaren tabarma, yana jin ƙarar sulalla suna faɗawa. Da hular ta iso kan na kusa da shi, mutumin ya rasa yadda zai yi, ya tsallake shi ya miƙa wa na gaba. Ɗan'inna ya karɓi kuɗin, ya yi godiya, don ba shi da halin ƙi. Amma daga ranar a gida yake sallarsa. Mutane suka ɗauka jikin ne ya matsa.

Shekara ta kewayo aka ƙaddamar da shari'a a jihar. Ko'ina ka zauna zancen ke nan, a rediyo, a teburin mai shayi, a bencin Ɗan'inna: wane laifi ake bulala, wane ake yanke hannu. Wasu baƙin suka tura iyalansu gida su ga yadda abin zai kaya. Davou bai tura nasa ba. Cewa ya yi shi ba ya shan giya, ba ya sata, me zai tsorata shi.

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti ya shigo shagon da ƙunshi a hammata. Ya buɗe a kan tebur, shadda ce ruwan sararin samaniya, mai nauyi, irin wadda ke ƙara in an taɓa ta. Ya daɗe yana tara kuɗinta. Babbar 'yarsa Patricia za a ɗaura wa aure a gida.

Ya ce, "Oga tela, babbar riga nake so, 'yar ciki da wando, irin ta manya. In na shiga coci a san uban amarya ya iso."

Ɗan'inna ya ce, "Malam Dabo, ka ga jikin nawa. Kuma keken surfanin ma babu."

"Ka yanka ka haɗa, surfanin ka ba wani ya yi. Ni wuyan da ka yanka nake so." Davou ya san akwai teloli da yawa a garin yanzu. Don ya sa wa abokinsa wani abu a aljihu ne ya kawo.

Ranar allura ta matso, babu abin sayarwa a gidan sai keken da ake ci da shi. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Ɗan'inna in aka tsallake, na baya sun zama asara. Ya je wurin mutum biyu da niyyar neman rance, duk biyun ya gaishe su ya taso bai iya buɗe baki ba. Ranar kasuwar Shuwarin ya zo shago da safe, ya ɗauko shaddar, ya buɗe ta kamar zai auna. Ya daɗe a tsaye da alli a hannu. Sannan ya naɗe ta, ya sa a baƙar leda, ya hau mota.

A kasuwar sai da ya zaga ya sami baƙon ɗan koli wanda bai san fuskarsa ba. Mutumin ya shafa shaddar, ya dubi mai ita sama da ƙasa, ya ce, "Taka ce kuwa?" Ɗan'inna ya ce, "Tawa ce." Aka taya ta da arha, ya sallama. A hanyar dawowa yana ta gaya wa kansa aro ya yi, da ɗinkin Sallah ya shigo zai je kasuwar Kwari a Kano ya sayo irinta, ba mai sani.

Amma allurar ta kwantar da shi fiye da na baya. Amai, jiri, bakinsa duk ya yi gyambo. In ya ɗora ƙafa a keke sai ɗakin ya juya. Masu ɗinkin Sallah suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe yadukansu, suna ba shi haƙuri.

Davou ya leƙo ya tambaya. Ɗan'inna ya ji bakinsa ya ce, "Dawo gobe." Da ya sake zuwa gida aka tura a ce masa yana barci. Safina ce ta faɗa daga bayan ƙyaure, kuma da ta dawo ta dubi mijinta ta ce, "Malam, lafiya kake ɓuya wa Baban Patricia?" Ya juya mata baya.

Ana jibi tafiyarsu Davou ya same shi a shago da yamma, benci cike da mutane.

Ya ce, "Oga tela, na san jiki ya hana. Ba komai. Ba ni yadin in kai wa wani ya yi mini ko kaftani ne."

Ɗan'inna ya ce, "Babu."

"Babu me?"

"Shaddar. Na sayar da ita. Na yi allura da kuɗin."

Hirar benci ta tsaya. Davou ya yi dariya kaɗan, yana jiran a ce wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai muryarsa ta tashi.

"Kai? Kai Ɗan'inna? Ba ka da baki ne? Da ka ce mini Dabo ina cikin matsala, ni da kaina zan kai ta kasuwa! Ka bar ni ina sintiri kamar mai roƙo, kana cewa gobe, kana sa matarka ta yi mini ƙarya! Da ni ne na yi wa ɗayanku haka a wannan lokacin, da yanzu garin nan ya ɗauka!"

Ya buga ƙofar shagon da tafin hannu, ya tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗan ciwo. Mutanen benci, don su kawar da shirun, suka shiga tattauna hukuncin. Muntaka mai shayi ya ce in Dabo ya kai ƙara ai hannu ne. Wani ɗan makarantar Islamiyya ya ce a'a, wannan ba sata ba ce, cin amana ne, tunda da hannunsa ya ba shi, ba a yanke hannu a kai. Wani ya ce ai akwai lalura. Suka yi ta ja, suna kawo misalai, kamar mai laifin ba ya zaune a gabansu da almakashi a cinya. Ɗan'inna ya tashi a hankali, ya riƙe ledarsa ta cikin riga, ya ratsa su ya wuce. Bai sake buɗe shagon ba.

Davou bai kai ƙara ba. Da tsohon kaftaninsa ya aurar da 'yarsa. Bayan sabuwar shekara ya yi sallama a ƙofar gidan, Safina ta shigo da shi har ɗaki, tunda maigidan ba ya iya fitowa zaure. Ya ajiye ɗan buhun dankali, ya ciro ambulan ya sa a gefen katifa. Ya ce matarsa Mary ce ta kai maganar wurin matan zumunta na cocinsu, suka haɗa abin da ya samu.

Ɗan'inna ya juyar da fuska bango. Ya ce, "Har coci aka kai sunana?"

"An ce wani maƙwabci ne ba shi da lafiya."

"Malam Dabo, da kotu ka kai ni da ya fi mini sauƙi."

Davou ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, har yau in na tuna raina yana ɓaci. A hoton bikin kowa ya sha ado sai ni. Amma wannan daban, wancan daban. Ka karɓa."

Ya karɓa. Aka yi allurar da ta rage da kuɗin. Amma har Davou ya fita bai iya haɗa ido da shi ba, kuma duk zuwan da ya ƙara yi bayan nan haka suka yi hira, ɗaya yana kallon bango.

Da aka koma Kano, likita ya ce a gaban Safina lallai sai an je Zariya. Gashin zai ɗauki makonni, sai an kama wurin zama a can, kuma bai yi alkawarin warkewa ba, ya dai ce in ba a yi ba abin zai ci gaba. Labari ya kai ƙauye. Maharazu ya zo da kansa, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Iya ta ce a sayar da tawa gonar. Ta ce ba za ta zauna da gona ɗanta yana mutuwa ba."

Ɗan'inna ya ce, "Kai fa, Yaya, me ka ce?"

"Abin da Iya ta ce shi ne."

Ya faɗa yana murza yatsun ƙafarsa da suka tsattsage da noma. Gonar nan ita ke ciyar da Iya, da iyalan Maharazu, tun bara kuma har da gidan Ɗan'inna. Ya ce wa yayansa ya dakata da neman mai saye sai ya sake ganin likita, ya kwana biyu a Dutse ya jira shi.

Wannan karon shi kaɗai ya tafi, ya ce kuɗin motar mutum biyu ɓarna ne. Ko ya shiga wurin likitan ko bai shiga ba, ba wanda ya sani. Ya dawo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya ce, "An duba ni. An ce allurai sun yi aiki, ba sai an je Zariya ba. Ƙwayoyi kawai zan ci gaba da sha."

Maharazu ya sauke wani dogon numfashi tun kafin ya ankara, kowa kuma ya ji shi. Sai ya sunkuyar da kai. Safina tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan a hannu. Da kunnenta ta ji abin da likita ya faɗa, kuma ta ga yadda wuyan rigar mijinta ya yi masa yawa. Ta dubi yaran da ke wasa a tsakar gida. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta shige madafi ta durƙusa tana hura wutar da take ci da kanta, har hayaƙi ya ba ta dalilin share ido. Maharazu bai tsaya cin tuwo ba, ya ce zai rasa motar ƙarshe.

Ba wanda ya sake ambaton Zariya a gidan. Da zafi ya shigo suka saki gidan haya, aka sayar da keken da ya rage aka biya mai gida, aka mayar da shi ƙauye ɗakin Iya. Tsohuwar ce kaɗai ta yarda ya samu sauƙi, tana ta dama masa kunu tana cewa iskar gida za ta mayar masa da jiki. Yakan sha cokali biyu don ta ji daɗi. Ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Davou ya zo gaisuwa, ya zauna a gefen tabarmar maza da hularsa a hannu, ya tafi kafin azahar.

Da Safina ta gama takaba ta koma gidan mahaifinta a Buji da yaran, tana murza taliya tana sayarwa. Gonar ta yi kyau a shekarar. Da aka yi girbi Maharazu ya ɗauko buhunan gero a amalanke har ƙofar gidan malam, ya jingine su a zaure. Aka shiga aka gaya wa Safina. Ta sa mayafi ta fito, suka gaisa, ya tambayi yara, ta tambayi Iya, kowa idonsa a ƙasa. Ta ce bari a kawo masa ruwa. Kafin ta dawo da kwanon ya kora shanunsa ya kama hanya.